Ga Ƙannena da Za a Miƙa wa Makullin Wad

Ƙannena ma'aikatan jinya, wata rana za a miƙa wa ɗayarku makullin akwatin magunguna da littafin rosta, wato jadawalin aiki, a ce ita ce in-caji, wato shugabar wad, ɗakin da ake kwantar da majinyata. Ku riƙe wannan tun yanzu: shugabar da ake tsoro ita ce ta ƙarshe wajen jin abin da ke faruwa a wad ɗinta.

Ni da faɗa na fara shugabanci, don haka na taso na ga manyanmu suna yi. Nas ta yi kuskure, sai in wanke ta tas a gaban majinyata da 'yan dubiya, ina ganin kwarjini ke nan.

A ɗakin haihuwa na ga illar hakan. An kwantar mana da wata mai jijjigar ciki, ana yi mata allurar magnesiyam salfet duk bayan awa 4. Kun san ƙa'idar: kafin kowace allura sai an ƙirga numfashinta, an buga gwiwa an ga ƙafa ta harba, an auna fitsari. Yarinyar da ke aikin dare ita kaɗai ce, ga naƙuda biyu sun taso mata lokaci guda. Allurar tsakar dare ta wuce ta, sai ta rubuta a kati cewa ta yi. Da asuba matar ta sake jijjiga, muka tsaya muna duba kati muna mamaki, kati kuwa ƙarya yake faɗa mana. Allah ya kiyaye, ta tashi. Da na keɓe da yarinyar, tana hawaye ta ce: "Anti, wallahi tsoronki na ji."

Laifinta babba ne, kuma an hukunta ta. Amma ni na koya mata cewa ɓoyewa ta fi faɗa sauƙi, ni kuma na sa hannu a rostar da ta bar ta ita kaɗai.

Don haka in wata ta zo ta ce ta yi kuskure, fara da majinyaci: me za a yi masa yanzu? Gyara ya biyo baya, a ofis, ƙofa a rufe. Kuma ki tambaya su nawa ne a bakin aiki a daren, kafin ki tambaya laifin wa.

Rosta ma amana ce. Kowa na lura da wadda kullum aikin dare da ranar Sallah ke faɗa wa, da wadda ba ta taɓa yi ba don tana ɗasawa da ke. Yanzu da nas-nas ke ta tafiya Ingila da Saudiyya, waɗanda suka rage a gajiye suke, son kai kaɗan ya isa ya kore su.

In za ki nemi ƙarin ma'aikata wajen hukumar asibiti, kada ki tafi da ƙorafin baki kawai. Rubuta yawan gadaje, da yawan haihuwa a wata, da nas nawa ke kwana a wad.

Kuma kada ofis ya riƙe ki. Miƙa aiki a gefen gado ake yi, gado bayan gado, ke ma kina tsaye da safar hannu a aljihu, don mai sauka ta faɗi abin da ba ta samu yi ba, mai karɓa ta ɗora daga nan.