Simintin da aka zuba a bayan Inna

Shekara ashirin ina aikin gini a Birnin Kebbi, ban taɓa zaton zan ji likita ya ce za a zuba wa mutum siminti a jiki ba. Inna ta dube shi ta ce, "Likita, ni katanga ce?"

Ba faɗuwa ta yi ba. A gida Argungu ta sunkuya za ta ɗaga ƙwaryar shinkafa, shi ke nan baya ya riƙe. Sati uku ko juyi a kan gado ba ta iyawa, salla ma a kwance. Kawu ya dage sai mai ɗori, ni kuma na roƙe shi a fara ɗaukar hoto. Hoton ya nuna gaɓa ɗaya ta ƙashin baya ta lotse, kamar bulon da yashi ya yi wa yawa. Likita ya ce ƙashin mata yakan rage ƙwari bayan sun daina al'ada, har abu kaɗan ya murƙushe shi. Sai da suka tabbatar ba tarin fuka ne ya ci ƙashin ba, don ba a zuba simintin inda ƙwayar cuta take.

Simintin nasu ba irin na gini da ake yi a Kalambaina ta Sakkwato ba ne. Dangin roba ne, gari da ruwa ake kwaɓawa ya yi kauri kamar man goge baki. Aka kwantar da ita rub da ciki, aka kashe wurin, aka shigar da doguwar allura har cikin gaɓar ana kallo ta na'urar hoto, don kada ya tsiyaya wajen laka. Abin da aka zuba duka bai kai cokalin shayi biyu ba, cikin 'yan mintuna ya daskare. A Faransa aka fara wannan aiki a 1984.

Likitan bai ɓoye mana ba: a 2009 bincike biyu sun nuna bai fi allurar banza marar siminti amfani ba, daga baya wani ya nuna yana taimakon sabuwar karaya mai tsananin zafi. Yawanci ma karayar kan warke da hutu da magani. Na yi kwana biyu ina juya maganar kafin na sayar da bijimina don a yi aikin.

Washegarin aikin Inna ta zauna da kanta ta sha kunu. Sauran gaɓoɓin dai suna nan da rauninsu, kullum da ƙwayar ƙarfafa ƙashi take karya kumallo. Jiya ƙanwata ta kira ni, wai ta kama ta tana jan turmi.