Shekara bakwai a shagon Malam

Jiya bayan la'asar na miƙa wa Malam makullin shagonsa na zane. Ya karɓa, ya jefa shi cikin gwangwanin buroshi, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Iyakar sallamar ke nan. Ku da kuka taɓa zama a tabarmar nan ta gindin darbejiya kun san halinsa, ba sai na tsaya bayani ba.

Lokacin da kawuna ya kai ni wurinsa a 2017, abin da na sa a rai shi ne in iya rubuta allon shago na masu aski da teloli, in samu na cefane. Ainihin aikin Malam kuwa, waɗancan manyan zane-zanen da babu mutum babu dabba a cikinsu, ni ma kallon da mutanen Marwa, a arewacin Kamaru, suke musu nake musu: abu ba kai ba gindi. Sai wata rana bayan an girbe masakwa, ya ɗauke ni a babur zuwa bayan gari, inda baƙar lakar nan take da Fulani ke kira karal. Ya ce in tsuguna in duba.

"Me ka gani?"

"Malam, laka ce ta tsattsage."

"Wannan ai mai wucewa ma ya gani. Wace tsaga ce ta riga wata?"

Na yi shiru. Ya sa tsinke ya bi wata babbar tsaga, ya nuna mini yadda ƙananan ke tahowa su tsaya a jikinta cak, ba mai ƙetarawa. Wadda aka tsaya a jikinta ita ce babba, ita ta fara buɗewa da ƙasa ta soma jin ƙishi. Gefen kowane ɓawo ya ɗan ɗaga sama, ya yi fari-fari, can cikin ramin kuma baƙi ne mai sanyi da har yanzu yake riƙe da damshi. Muna nan har rana ta yi ja. Da muka koma shago na ɗaga kai na kalli zanen da ke jingine a bango wata shida ina wuce shi, sai na gane shi kamar fuskar ɗan'uwa.

Wannan bashi ne a kaina, kuma ba zan musa shi ba ko bayan abin da ya faru. Malam bai taɓa zana gona ko kogi yadda suke ba. Abin da yake ɗaukowa shi ne halin abu: yadda yashin kogin Mayo Kaliyawo ke kwanciya layi-layi idan ruwa ya janye, yadda hazo ke cinye duwatsun Rumsiki har su zama inuwa kawai. Yana da wani tsohon shafin mujalla mai hoton aikin Ibrahim El-Salahi, mai zanen nan na Sudan da aka haifa a Omdurman a 1930, wanda gidan Tate Modern na Landan ya baje kolin ayyukansa a 2013. Itacen da El-Salahi ya yi ta zanawa, wanda suke kira haraz, gawonmu ne, mai zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Malam kan ce, "Duba, babu reshe ko ɗaya a nan, amma taurin kan gawo yana ciki." Fentinsa ma daga ƙasa yake: jar ƙasa, farar ƙasa, gawayi, karan dafi, kuloko, wato baƙin rinin fata, daga wurin dukawa, a haɗa da ƙaro. Ni ke niƙawa a dutse, ni ke tacewa da ƙyalle.

A watan Agusta na 2021 aka gayyace shi baje koli a Duwala. Zane 14, aikin shekara biyu, duk game da karal. Ni aka ce in kai. Na je wurin kafinta, ya ce akwatin katako da zai ɗauke su a miƙe jaka 35 ne. Na dawo na faɗa wa Malam, mu biyu kaɗai a shago. Ya ce, "A bishiya nake tsinko kuɗi? Cire su daga katako ka naɗe." Na sake magana washegari, ya ɗaga mini hannu.

Daga nan laifin nawa ne, kuma na riƙe shi. Na naɗe su fuskar zane tana ciki, don a ganina haka za ta fi tsira daga gogayya. Na naɗe su tamau a kan siririyar gora. Saboda tsoron ruwan kudu kuma na lulluɓe su da leda ninki uku, na ɗaure da roba yadda ko iska ba za ta shiga ba. Mota daga Marwa zuwa Garwa zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, wata motar zuwa Duwala, sannan kwana huɗu a wani ɗakin ajiya ana ta tafka ruwa a waje, ina jiran a ba mu bango.

Ranar da na kwance ledar, wari ne ya fara dukana, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Na ja zane na farko, sai na ji ƙara kamar ana ɗaye fata. Fentin ya yi danƙo, ya manne a bayan na kusa da shi, ya bi shi ya bar yadi tsirara. Inda Malam ya yi kauri da jar ƙasa ya murtsuke ya zube kamar garin bulo, saboda naɗin ciki matse fenti yake yi. Farar fumfuna ta bazu a kan baƙin. Tara sun tafi. Abin da ya fi ci mini rai, ni da na yi makarantar allo na san tawadar ƙaro da gawayi ruwa kaɗan ke wanke ta. Na sani tun ina ɗan shekara shida. Ban haɗa wannan da wancan ba sai da na tsaya a gaban yadin ina rawar jiki.

Da na dawo, a gaban kowa ya tare ni, har da yaran da ni ke koya musu riƙon buroshi da maƙwabcinmu mai walda. "Kai, ka kashe mini shekara biyu." Na sunkuyar da kai na ce a yi haƙuri. Ina jiran ya ce, ko da sau ɗaya, ko da a keɓe, "Ka yi mini maganar akwati." Har jiya da na miƙa makulli bai faɗa ba. Wata biyar yana yanke rabin abin da yake ba ni, ban ce uffan ba, don na ga ina da kaso a ɓarnar.

Abin da ban iya haɗiyewa ba ya zo daga baya. Hannun Malam ya fara rawa a shekarar, dogon layi ba ya fita masa. Da aka tashi maye gurbin waɗanda suka lalace, yana zaune a kujera yana cewa "ƙara baƙi nan", "tsaya haka", ni kuma ina tsaye da buroshi daga safe zuwa magariba. Bakwai daga cikinsu hannuna ne tun daga shimfiɗa har ƙarshe, biyu ma ba ya nan na yi su. Ya zo ya sa sunansa a kusurwa. Wani baƙo ya sayi ɗaya a gabana yana cewa irin wannan layin sai hannun da ya tsufa a sana'a, Malam ya gyaɗa kai, ya ce in naɗe masa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na san haka ake yi a shaguna da yawa, na san ba don shi ba da ban san wace tsaga ce ta riga wata ba. Amma da ɓarna ta zo sunana aka kira da ƙarfi har mai walda ya ji.

Ku da kuka rage a shagon: zane mai kauri ba a naɗe shi, in ya zama dole to fuska a waje, a kan bututu mai faɗi, da takarda a tsakani. Kada leda ta taɓa aikin ƙaro. In za ku roƙi Malam kayan aiki, ku roƙa da mutum na uku a zaune. Maganar suna kuma a yi ta kafin a jiƙa buroshi, ni na bar ta sai da ta yi tsami.

Na kama ɗaki a Garwa, ba nisa da Binuwai, inda nake so in zauna da yashin bakin kogi na ɗan lokaci. Ɗaya daga cikin tara ɗin nan, wanda Malam ya jefar bayan shago, na ɗauke shi tun lokacin na shanya, yana wurina. Makon jiya na koma wurin kafintan nan, ya ce katako ya tashi, yanzu jaka 42 ne. Na biya da kuɗina. Wancan zanen da na ɗauka da wasu biyar masu sunana suna cikin akwatin, a miƙe, motar asuba za mu bi.