Furen da ake cinna wa wuta

Asabar, 6 ga Satumba

Da sassafe abokiyar karatuna ta zo da motarta muka kama hanyar garin Kennebunk da ke jihar Maine ta Amurka. Daga Portland tafiyar ba ta fi ta minti 40 ba. Tun makon jiya take damuna da zancen wani fure, wai in na bari watan nan ya wuce sai baɗi. Ni dai na bi ta ne don in huta da littattafai.

Tunda na zo jihar Maine ban taɓa ganin fili irin wannan ba. Duk inda ka duba a jihar nan itatuwa ne sun rufe sama, amma da muka sauka daga mota sai ga sarari shimfiɗe, ciyawa gajera, ƙasa kuma yashi zalla. Sai da na tsuguna na damƙi yashin. In ba don sanyin iskar ba, da na ce bayan garinmu ne a ƙarshen damina. An ce ruwan ƙanƙarar da ta narke shekaru dubbai da suka wuce ne ya jibge shi a nan, shi ya sa ko an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, nan take yake tsotsewa.

Ga furen kuma, ya rina filin da shunayya iya ganin ido. Sunansa na kimiyya Liatris, masu ƙasar kuma suna kiransa da sunan da ke nufin tauraro mai walƙiya. Jinsin Liatris ɗan asalin Arewacin Amurka ne. Wannan nau'in na arewa maso gabas ya yi ƙaranci har gwamnatin jihar ta sa shi cikin tsirran da ake fargabar ɓacewarsu, amma a duk duniya babu inda ya taru da yawa kamar wannan fili.

Na daɗe a durƙushe gaban guda ɗaya. Kara ne siriri, miƙaƙƙe, ya kai min gwiwa ko ya ɗan wuce. Ganyen ƙasa dogaye ne, suna ƙanƙancewa yayin da suke hawa sama. A jikin karan an jera kawuna kamar maɓallan riga, kowanne da ƙananan furanni cunkushe, zare-zare na fitowa daga cikinsu kamar bakin gyale. Abin da ya ba ni mamaki shi ne daga sama yake fara buɗewa yana gangarowa. Na saman har sun fara bushewa, na ƙasa ko ido ba su buɗe ba. Yawancin furannin da ke jere a kara daga ƙasa suke farawa.

Ina kallonsa sai na ji kamar na san shi. Can na tuna: shuwakar da ke bayan ɗakin Inna! Furenta fari ne, amma tsarin iri ɗaya. Na faɗa wa abokiyata, ta duba a waya, ashe danginsu ɗaya. Yau dai na burge kaina.

Ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi sun cika wurin, ba su ko kula mu ba. Abokiyata ta gargaɗe ni kada in sauka daga turba, akwai tsuntsayen da ke yin sheƙa a ƙasa, akwai kuma wani baƙin maciji marar dafi da shi ma ake karewa. Daga jin maciji ban ƙara kauce wa turba ba.

Wani gefen filin ya fi sauran yawan fure. Ta ce an ƙone shi ne ba da daɗewa ba. Da gangan. Ƙungiyar The Nature Conservancy da hukumar kula da namun daji ta jihar su ke lura da wurin, kuma ana cinna masa wuta kashi-kashi, bi da bi. In aka bar shi, itatuwa za su mamaye, inuwa ta kashe furen. Wutar ba ta yi masa komai, don ransa na ƙarƙashin ƙasa, cikin wani dunƙulallen tushe kamar ɗan gwaza. Tana kuma rage tsutsotsin da ke cinye irinsa. 'Yan asalin ƙasar ma sun daɗe suna ƙone irin wannan fili tun kafin zuwan Turawa.

Da yamma na kira gida na ba Baba labari. Shi da ya ƙi jinin masu ƙone daji don farautar gafiya, sai ya yi shiru. Can ya ce, "Yanzu gwamnati ce da kanta ke sa wutar?"

Na ce, "Eh, Baba, amma sai sun auna iska, sun share iyaka, ga motar ruwa a tsaye."

Ya ce, "To, su da lissafi suke yi. Ana cin furen ne?"

Na ce a'a. Ya yi dariya har da tari, ya miƙa wa Inna wayar. Ita ba ruwanta da wuta, hoton mai kama da shuwakarta kawai take so in turo.

Na tura mata guda uku. Na duba ƙafafuna da safata saboda kaska, ban ga ko ɗaya ba, alhamdulillahi. Takalmina cike yake da yashi, aikin ranar Litinin kuma ko shafi ɗaya ban rubuta ba.