Tabon da ke wuyan hannun 'yata

Har yau idan ta miƙo hannu za ta karɓi wani abu, idona a kan wuyan hannunta yake fara sauka. Tabon bai fi faɗin farcen babban yatsa ba, ya ma soma dishewa, ita kuma cewa take ta manta da shi. Ni dai ban manta ba, domin ni na jawo shi.

Lokacin tana da shekara 8, ƙaninta yana da 5. Mun yi kusan wata shida muna shiga kicin tare, komai lafiya lau. Ita ce mai fasa ƙwai da auna shinkafa, shi kuma wankin tumatir da karas da ɓarar tafarnuwa. Ranar dankali za mu soya. Na fere, na yanka, na ce ta wanke, ta kuwa wanke shi tas kamar yadda na koya mata. Mai ya riga ya yi zafi a kasko sai wayata ta yi ƙara a ɗaki. Na ce, "Ina zuwa, kar ki taɓa komai," na fita. Ban cika minti biyu ba. Yarinya ta ga mai yana jira, ga dankali a gabanta, ta so in dawo in tarar ta rage mini aiki. Ta ciko hannu da shi yana ɗigar ruwa, ta zuba.

Da na shigo da gudu, kafin ma in duba hannun, abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Ban ce kar ki taɓa ba?" Wannan tsawar ta fi komai tsaya mini a rai. Sannan na rarumo man goge baki na lafta mata a wurin, don haka na taso na ga ana yi.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta dubi hannun, ta dube ni, ta ce, "Baiwar Allah, ruwa kawai ake so. Da kin tara mata hannun a famfo." Sai da aka wanke man goge bakin nan kaf kafin a ga ciwon, yarinyar tana kuka tana ƙanƙame ni. A nan na ji cewa ƙuna ruwa mai sanyi mai gudana take so har tsawon minti 20, ba ƙanƙara ba, ba mai ba, ba ƙwai ba, kuma idan wurin ya yi bororo ba a fasa shi. Ta ce fatar yaro ta fi ta babba siranta, shi ya sa zafin da zai bar babba da ɗan ja kawai yake cin yaro sosai. A hanyar dawowa 'yata ta ce da ni a hankali, "Mama, so na yi in taimake ki."

Na daɗe ina juya abin. Man suya yana kaiwa digiri 170 zuwa 180, ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa. Ɗigo ɗaya ya faɗa ciki, nan take zai zama tururi ya watsa man ko'ina. Hannuna ya san haka shekara da shekaru. Kullum sai na tsane dankali na goge shi da tawul kafin ya shiga kasko, ba na ma tunanin ina yi. Amma ban taɓa faɗar sa da baki ba. Na koya mata wankewa, ban koya mata tsanewa ba, ban kuma gaya mata dalili ba. "Kar ki taɓa" kaɗai na bar mata, na tafi amsa waya.

Daga nan na kafa doka: babu yaron da zai sake taka mini kicin. Wata huɗu cur ina girki ni kaɗai. A cikin wata huɗun nan ne na ga irin amfanin da muke ci ban sani ba.

Ƙaramin na fara lura da shi. Kafin ya fara shiga kicin, yaro ne da ke tsince karas da tattasai ya jera a gefen faranti kamar an sa shi. Da ya zama shi ke wanke su, sai ya fara ɗanɗana su tun suna ɗanye, a kan tebur kuma ya riƙa nuna wa babansa yana cewa, "Wannan ni na wanke." Abin da ya wanke da hannunsa ba ya tsince shi. Masana ciyar da yara suna cewa yaro kan buƙaci a gabatar masa da sabon abinci sau 10 zuwa 15 kafin ya karɓe shi, ni kuwa da sau biyu nake gwadawa in ce ba ya so. Bayan dokar bai yi wata guda ba ya koma jera karas a gefen faranti.

Na babbar ya fi damuna. Lissafin rabi da kwata da ya ƙi shiga kanta a littafi, a bakin tukunya ta gane shi, don idan kofi ɗaya na shinkafa yana shan kofi biyu na ruwa, dole ta lissafa na kofi ɗaya da rabi da kanta. Wannan bai ɓace ba. Hira ce ta ɓace. Ita ba mai yawan magana ba ce, in ka tsare ta da ido ka ce yaya makaranta, "lafiya" kawai za ka samu. Amma idan hannunta yana ɓarar tafarnuwa, idonta yana kan kwano ba a kaina ba, sai baki ya buɗe. A haka na ji labarin yarinyar da ke ƙwace mata abincin tara a aji, ba tambayarta na yi ba. Wata huɗu ban ji komai daga bakinta ba sai "lafiya".

Babansu ne ya gaji ya yi magana wani dare. Ya ce, "Maman yara, don kin hana su shiga ai ba su daina girma ba. Wata rana za ta tsaya a gaban kasko, ko kina nan ko ba kya nan." Na ji haushin maganar, na kwana da ita, da safe na kira su.

Yanzu idan wuta tana kunne ba na fita. In fitar ta zama dole, ko in kashe wutar ko in tasa su a gaba mu fita tare. Mariƙin kasko ciki nake juya shi. Sannan na koyi yin girki da baki: duk abin da hannuna ya yi sai na faɗe shi da dalilinsa. Me ya sa muke wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20, me ya sa katakon da aka yanka ɗanyar kaza a kai ba ya ganin kayan lambu sai an wanke shi, me ya sa in mai ya kama da wuta ba a watsa masa ruwa, sai dai a kashe murhu a kifa murfi. Har wuƙa na canza mata. Da dakusasshiya nake ba ta wai don kar ta yanke, ashe ita ce ke zamewa a kan albasa idan an danna da ƙarfi. Ranar da nake sauri ko na gaji kuwa ba na gayyatar su, domin girkin minti 40 da yara sai ya haura awa ɗaya, ga gari a ƙasa, kuma na san a irin wannan rana ce tsawa take kufce mini.

Yanzu shekarunta 11. Duk abin da ake dafawa da ruwa tana yin sa daga farko har ƙarshe, ƙaninta yana gefenta yana miƙa mata gishiri. Suya ce har yau ba ta yi. Da mai ya fara ƙara sai ta ja baya taku biyu, ta dafe wuyan hannun nan da ɗaya hannun, ba ta ma san tana yi ba. Ban matsa mata ba. Ta ce hutu mai zuwa za ta gwada da ƙwai ɗaya idan zan tsaya kusa da ita, na ce zan tsaya, wayar ma a kashe zan bar ta a ɗaki.