Rabin Assimilation² aka sayar mini da sunan cikakke

Duk mai neman Assimilation², labarin zanen nan da kamfanin IDW ya fitar a 2012 ya haɗa shirye-shiryen talabijin na Star Trek da Doctor Who, ya riƙe wannan: fitowa 8 ne, kuma da aka zo tattara su an yi juzu'i biyu, huɗu-huɗu. Wani mai tsofaffin littattafai a intanet ya rubuta "cikakke" a tallarsa. Na biya kuɗin littafi, na biya na dako da ya kusa fin na littafin, ina farke kwali sai ga juzu'in farko shi kaɗai, siriri. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Abin haushin shi ne rabin farkon kusan duk shimfiɗa ce. TARDIS, jirgin da jarumin Doctor Who ke ratsa zamani da shi, ta sauka cikin holodeck (ɗakin da ke kwaikwayon wurare) na Enterprise, jirgin Star Trek. Doctor na 11 (jarumin kan sauya kama, wannan ce ta 11) da abokan tafiyarsa Amy da Rory suna zaton a San Francisco na shekarun 1940 suke. Daga nan sai gabatar da juna, zaman shawara, hira da Guinan, mai kula da mashayar jirgin. Borg, miyagun Star Trek, da Cybermen, miyagun Doctor Who, sun haɗa kai sun auka wa duniyar Delta IV, daga baya Cybermen suka ci amanar abokan nasu. Wanda ya san yadda Borg suka taɓa kama Picard, kyaftin ɗin Enterprise, suka mayar da shi ɗayansu mai suna Locutus, ya san nauyin a ce yau su ne ke neman taimakonsa. To, labarin na fara ɗaukar zafi shafukana suka ƙare.

Zanen J.K. Woodward fenti ne, fuskar Patrick Stewart (mai fitowa a Picard) da ta Matt Smith (mai fitowa a Doctor na 11) kamar ka kira su su amsa, sai dai in an zo wajen faɗa mutanen kan sandare. Abin da ya ɗan sanyaya mini zuciya shi ne fitowa ta 3, inda aka koma baya Doctor na 4, mai dogon mayafin wuyan nan, ya gamu da Kirk da Spock na Star Trek na asali, da wani salon zane daban mai kaloli irin na da.

Neman juzu'i na biyu ne ya fi ba ni wuya. Lasisin Doctor Who ya bar hannun IDW a ƙarshen 2013, Titan Comics ya karɓa a 2014, don haka sai dai ka bi 'yan gwanjo, su kuwa sun san abin da suke riƙe da shi. Na same shi daga baya da tsadar da ba na son faɗa, har da kuɗin dako karo na biyu.

Kada ka tura ko sisi sai mai kaya ya ɗauko maka hoton bango da na bayan littafin, ka ga lambar juzu'i da idonka. Akwai bugun da ya haɗa duka 8 a bango guda, in ka dace da shi kada ka tsaya dogon ciniki.