Cinikin zari-ruga da na yi sau biyu

Ranar da maigidana ya ajiye mini fayil ɗin zari-ruga a kan tebur, ban taɓa kallon wasan daga farko har ƙarshe ba. Kamfaninmu ƙarami ne, a Leeds yake, arewacin Ingila, sana'armu kuma dillanci. Masu gasa su ba mu haƙƙin nuna wasanninsu a ƙasashen da manyan kamfanoni ba sa leƙawa, mu nemo gidan talabijin da zai saya, mu ɗauki la'adarmu. Ni aka ɗora wa Afirka ta Yamma, tunda can ce mahaifata.

Abu na farko da na gane shi ne zari-ruga iri biyu ne. Akwai na 'yan wasa 15, wanda Afirka ta Kudu ta shahara da shi. Namu na 'yan wasa 13 ne, kuma asalinsa rigimar kuɗi ce. A ranar 29 ga Agusta, 1895, ƙungiyoyin arewacin Ingila suka taru a otal ɗin George da ke Huddersfield suka ɓalle, domin 'yan wasansu ma'aikatan masaƙu ne da mahaƙan kwal, idan suka bar aiki ranar Asabar don wasa sai a yanke musu lada, hukumar da ke Landan kuma ta hana a biya su diyya. Har gobe wasan na garuruwan ma'aikata ne: Wigan, St Helens, Hull, Castleford. Da na je filin Headingley na Leeds karo na farko, na ga kaka da jikanta sanye da riga iri ɗaya suna ihu tare, sai wasan ya shiga raina tun kafin in fahimci dokokinsa.

Wasa kaɗan ne talabijin ya juya kamar yadda ya juya wannan. A 1995 kamfanin Rupert Murdoch ya zuba fam miliyan 87 na shekara biyar, aka kafa gasar Super League, aka ɗauke kakar wasa daga hunturu aka mai da ita bazara, abin da aka shekara ɗari ba a yi ba. A Ostareliya kuwa faɗan masu tashoshin da ake biyan kuɗin wata kafin a kalla ne ya tsaga wasan gida biyu, har aka yi gasa biyu a 1997, kafin a sasanta a kafa gasa ɗaya mai suna NRL a 1998. Lokacin da na shiga harkar, abin da tashar Sky ke biya don nuna gasar a Ingila ya sauko daga kusan fam miliyan 40 a shekara zuwa kusan 25, kowa yana cigiyar kuɗi daga waje. A cikin wannan iska na tashi, don haka na ɗauka cinikin da ya yi kyau shi ne wanda adadin da ke shafin ƙarshe ya fi girma.

Na shirya hujjojina, kuma har yanzu ina ganin masu kyau ne. Daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Agusta babu gasar Firimiya, tashoshi na neman abin cike gurbi, mu kuma lokacin ne kakarmu ke tsakiya. Agogon Ingila na bazara daidai yake da na Nijeriya, wasan ƙarfe 8 na daren Juma'a a Leeds ƙarfe 8 ne a Kano. Na Ostareliya bai samu wannan sa'ar ba, domin Sidni ta riga mu da awa tara, wasan darensu yana faɗowa da hantsi. Sannan ga Martin Offiah, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, wanda Wigan ta saya fam 440,000 a 1992, yau kuma yana cikin mutum-mutumin gwarazan wasan a Wembley. Ga gasar Gabas ta Tsakiya da Afirka da aka yi a Legas a 2019, Nijeriya ta cinye ta a gaban Ghana da Kamaru da Maroko.

Tashoshi biyu ba su ma bari na gama bayani ba. Na uku, wata tashar biya, shugaban shirye-shiryenta dattijo ne da ya ga jiya ya ga yau. Ya saurare ni har na ƙare, ya sa aka kawo mini shayi, sannan ya ce:

“Ɗana, na ji. Wane ɗan Nijeriya ne zai buga ranar Juma'ar nan?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, akwai waɗanda iyayensu daga gida suke.”

“Wa ya san sunansu a Kaduna? Wa zai ɗauki nauyin shirin? Hoton kuma, wa zai biya kuɗin tauraron ɗan'adam ya sauko mana da shi?”

Tambaya ta ƙarshe ce ta fi tsorata ni, domin ban lissafa ta ba. Haƙƙi daban, isar da hoto daban. A irin wannan ƙaramar kasuwa, kuɗin hayar layi na awa biyu kowane mako yana iya zarce kuɗin haƙƙin kansa. Muka yi kwana uku ana tayi ina cewa albarka. Daga ƙarshe ya yarda zai biya wani abu, kaɗan ne amma kuɗi ne, da sharaɗin haƙƙin ya zama nasu su kaɗai, a ƙasashen yankin duka, ta kowace kafa har da intanet, tsawon shekara biyu. Na sallama. A jirgi ina komawa, ji nake na ciwo kasuwa.

Wata biyu bayan haka na buɗe jadawalinsu. Wasanmu na nan, amma ƙarfe ɗaya na dare, kwana uku bayan an buga shi. Wani makon ma babu shi sam. Na kira cikin ladabi na yi ƙorafi, aka ce in duba kwantiragi. Na duba. Shafi goma sha wani abu, duk bayanin abin da suke da ikon yi ne, babu layi ɗaya da ya ce dole su nuna wasan, balle ya faɗi lokaci. Ni na rubuta shi da hannuna, ba wanda ya zalunce ni. Sun sayi kaya da araha sun ajiye a rumbu don kada maƙwabci ya samu, kuma a kasuwarsu wannan dabara ce da aka saba.

Abin da ya fi yi mini ciwo ya zo daga baya. Tunda na sayar musu da intanet ma, dole aka toshe kallon wasannin ta yanar gizo a duk ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar. Sai ga saƙo daga wani mai horar da yara a Legas, mutumin da ke tara matasa a filin makaranta da ƙwallo biyu kacal. Ya ce da can yakan tara su ranar Lahadi su kalli wasa a kwamfutarsa, ya tsayar da hoton ya nuna musu yadda ake tsayuwa a layin tsaro, yanzu kuma an rubuta masa cewa ba a nunawa a ƙasarsa. Bai zage ni ba, tambaya kawai ya yi ko kuskure ne. 'Yan tsirarun da suka riga suka so wasan a yankin, su na rufe wa ƙofa, a kan kuɗin da ba zai biya albashin ɗan wasa ɗaya na shekara ba. Na daɗe ban iya ba shi amsa ba.

Kafin shekara biyun su cika na yi ta nazarin inda wasan ya kama ƙasa a waje da inda ya kasa. Wasan farko na Super League a Faris aka buga shi, a Maris 1996, ƙungiyar Paris Saint-Germain ta doke Sheffield, amma kaka biyu kawai ta yi ta rufe. Toronto Wolfpack ta Kanada ta fara a 2017, tana biya wa abokan karawarta kuɗin jirgi, ta hau babbar gasa, ta janye a 2020. Catalans Dragons kuwa tana nan, ta ci kofin Challenge a 2018, ta tara mutum sama da 31,000 a Camp Nou a 2019, domin a garinta Perpignan, a kudancin Faransa, an gaji wasan tun kaka da kakanni. Haka Papuwa Niu Gini, inda shi ne wasan ƙasa, shi ya sa gwamnatin Ostareliya ta yarda ta ware dalar ƙasarta miliyan 600 cikin shekara goma don raya wasan a yankin da kuma shigar da ƙungiyarsu NRL a 2028. Ko a Ingila, a 2022 ne aka fara nuna Super League kai tsaye a tashar kyauta, wasa goma a Channel 4, daga baya BBC ta karɓa. Wato su ma a gida sun ga illar ɓoye wasa a bayan kuɗin wata.

Las Vegas ma na bi ta da ido. A Maris 2024 NRL ta buɗe kakarta a filin Allegiant, mutum sama da 40,000 suka shiga, a 2025 Wigan da Warrington suka bi sahu. Biki ne na gaske, kuma ina jinjina wa Peter V'landys, shugaban hukumar wasan ta Ostareliya, da ya yi ƙarfin halin. Sai dai akasarin waɗanda suka cika filin daga Ostareliya da Ingila suka taso, Amurkawan da suka kalla a talabijin kuwa ba su kai dubu ɗari ba. A ganina ribar tafiyar a gida take, wajen masu talla da kuma teburin ciniki na gaba, domin yarjejeniyarsu da tashoshin Nine da Foxtel a 2027 za ta ƙare. Mai irin wannan aljihu yana iya yin haka. Dillali irina ba shi da Vegas, abin da yake da shi jadawali ne.

Da haƙƙin ya dawo hannunmu sai na tsattsaga shi. Nunawa kai tsaye daban, maimaici daban, shirin tsakure na minti 26 daban, gajerun bidiyo na waya daban. Intanet na bar ta a buɗe. Na je wa wata tashar kyauta da tayin da ya sa maigidana ya ɗaga gira: ba za su biya ko sisi ba, za mu raba kuɗin talla. Ya tuna mini cewa la'adarmu kaso ce ta farashi, kuma kason babu, babu ne. Muka yi musu sosai, ya ba ni kaka ɗaya in gwada. Maimakon kuɗi na nemi abu uku a rubuce: rana da lokaci tsayayyu kowane mako, adadin sanarwar da za su yi wa shirin, da sharaɗin cewa idan suka tsallake mako uku a jere haƙƙin ya koma gare mu. A kan wannan na ukun muka fi daɗewa, nan na gane shi ne mai haƙori. Hayar tauraron ɗan'adam kuma muka yar da ita, muna tura musu shirin ta intanet daren Lahadi.

Wata matsala ta taso da ban hango ba. Babbar gasar Ingila kamfanin caca ne ke ɗaukar nauyinta, sunansa na kan allunan fili da kan rubutun sakamako. Mutanen tashar suka ce masu kallonsu ba za su lamunta ba, ni ma ban ga laifinsu ba. Abin da ke jikin fili ba ya gogewa, amma mun nemi a riƙa ba mu hoto tsura, marar rubutu, mai ƙarar fili kaɗai, muka ɗora namu rubutun. Wannan hoto tsura shi ya buɗe mana ƙofar da ta fi kowace, wato sharhi da harshenmu.

Nan na fi jin daɗin aikin. Muka zauna da wani matashi mai sharhin ƙwallon ƙafa a rediyo, muna neman kalmomi. Ajiye ƙwallo a bayan layi, mai maki 4, muka ce dangwale. Bugun da ke biyo baya, mai maki 2, muka ce ƙari. Dokar da ta fi rikita sabon mai kallo ita ce ƙungiya tana da dama shida kafin ta miƙa ƙwallo, sai ya riƙa ƙirgawa da ƙarfi, kamu na uku, kamu na huɗu, yana ɗaga murya idan an zo na biyar. Da ya ga ana riƙe mutum ana kai shi ƙasa, sai ya ari bakin 'yan kokawa. Na taɓa zama a wani gidan kallo aka sa shirin kafin a fara wani wasan ƙwallo, minti goma ba a yi ba na ji mutane suna ƙirga kamu tare da shi. Da sharhin Turancin Yorkshire ne, da tuni sun fita shan iska. Gani ya kori ji, amma a wannan wasa sai an haɗa da jin.

Kuɗin talla bai taka kara ya karya ba a kakar farko. Mai ɗaukar nauyi ɗaya muka samu, shi ma sai a tsakiyar kaka, kuma har yanzu maigidana bai gamsu ba. Wata mai zuwa za mu zauna sabunta yarjejeniya, tashar na son a ba ta wasa ɗaya kai tsaye a wata, ni kuma ina lissafin wanda zai biya layin.

Mai horar da yaran nan na Legas ya sake rubuto mini. Ya ce hoton ya dawo, yaransa sun ƙaru, har da mata. Ya tambaya ko a cikin ƙungiyoyin da nake hulɗa da su akwai mai tsofaffin ƙwallaye da ba a amfani da su. Na samo goma sha biyu, suna cikin kwali a ƙarƙashin teburina, an sace musu iska, ina jiran mai tafiya.