Daga Tawa zuwa Yamai da silindar tsohon jirgi

Motar Yamai tana barin Tawa tun duhun asuba, don haka da wuri na isa tasha da jakar tufafina da wani buhu mai nauyi. Yaron mota ya ɗaga buhun ya ce, "Malam, dutse ne a ciki?" Na ce masa ƙarfe ne. Silinda ce guda ta injin jirgin sama, na gan ta a rumfar wani maƙeri a kasuwar garinmu, cikin tarin tsoffin ƙarafan da ya saya hannun wani falke da ya gangaro daga wajen Agadas. Niyyar maƙerin ya fasa kanta ya narke, ya zuba tukunya. Na biya shi kuɗin nauyinta har da ɗan ƙari, saboda ina da kawu a Yamai wanda ya tsufa yana gyaran jiragen rundunar sojan sama, kuma na san in ya gan ta zai faɗa mini abin da take.

Muka bi ta Badagishiri, muka faɗa babbar hanya a mararrabar Tsarnawa, muka yi karin kumallo a Ƙonni. Daga nan sai Dogondutsi da duwatsunsa ja masu shimfiɗaɗɗen kai, sai Doso. A wani shinge jandarma ya sa na kwance buhun. Ya juya ƙarfen, ya leƙa cikin ramin, na yi masa bayani, ya ce in ɗaure mu wuce. Ban ga laifinsa ba, a wannan zamanin duk wanda ya ga baƙon ƙarfe a cikin motar fasinja ya kamata ya tambaya. Wajen Kure 'yan mota suka yi ta leƙen taga ko za a dace da raƙuman dawa, ba mu dace ba. Da la'asar muka shiga Yamai.

Kawu bai bari na gama shan ruwa ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya aiki jikansa ya ɗauko masa tabarau da maganaɗisu da ma'aunin ƙarfe. Ya manna maganaɗisun a gangar silindar ya kama, ya kai shi kanta ya faɗo. Ya ce, "Ka gani, ɗana? Jikin baƙin ƙarfe ne, kan alminiyam ne. Waɗannan siraran haƙarƙarin da ke kewaye da ita, iska ce take bi ta tsakaninsu ta sanyaya injin, ba ya buƙatar ruwa. Wannan inji ne mai silindu a jere kewaye da gindin farfela."

Daga nan ya fara cire jirage ɗaya bayan ɗaya. Ya ce rundunar ƙasarmu, wadda aka kafa a 1961, ta fara ne da tsoffin jirage irin su C-47, wanda aka fi sani da Dakota, da ƙaramin Broussard na Faransa, daga baya aka samu Noratlas mai wutsiya biyu daga hannun Jamus, sannan C-130 Hercules. Hercules dai ba ya cikin zancen, injinsa ba na fistan ba ne. Noratlas ma ya cire shi nan take, don injinsa ba shi da bawul a ka, wani zobe ne ke zamewa a cikin silinda yana buɗe ƙofofi yana rufewa, ita kuwa tawa ga mazaunin bawul biyu a kanta ƙuru-ƙuru. Ya gwada sifana a wani noti da ya rage, ta milimita ba ta zauna daidai ba, ta inci ta zauna. Ke nan ƙirar ba ta Faransa ba ce.

Sai ya auna faɗin ramin. A nan ne ya daɗe, yana goge tsatsa yana sake aunawa. Ya ce injin Dakota, Pratt & Whitney R-1830 mai silinda 14, faɗin raminsa kusan milimita 140 ne. Injin T-6, jirgin da Faransawa suka yi ta amfani da shi a yaƙin Aljeriya, R-1340 ne, nasa ya kai 146. Tawa ta tsaya a wajen 132, awon R-985 mai silinda 9 da ƙarfin doki 450, kuma shi ne injin da ke gaban Broussard. Jirgin Faransa, injin Amurka. Na yi murna na ce to mun gano. Kawu ya girgiza kai ya ce, "Injin muka gano, ba jirgin ba. Wannan injin an sa shi a jirage da yawa, har da Beechcraft 18, na soja da na farar hula. Wanda ya ce maka ya san jirgi daga silinda guda, ƙarya yake yi." Abin da ke tabbatar da jirgi, in ji shi, shi ne ɗan farantin ƙarfe da kamfani ke bugawa a jikinsa, mai sunan ƙira da lambar jeri, sai lambobin da aka hatimce a jikin sassa, sai kuma wurin da aka tsince shi. Na ƙarshen nan ne falken ya tafi da shi a bakinsa.

Wannan ne ya tsaya mini a rai har dare. Hamadarmu ba ta cin ƙarfe kamar yadda damshi ke ci. A Libiya, jirgin Amurka B-24 da ake kira Lady Be Good ya ɓace ranar 4 ga Afrilu 1943, yana dawowa daga kai hari birnin Naples. Ya wuce sansaninsa cikin dare ya nausa hamada, mutanensa tara suka yi tsalle da lema. Sai a 1958 masu neman man fetur suka hango shi daga sama, kuma da aka je aka tarar rediyonsa na iya aiki. A 1960 aka gano gawarwakin takwas daga cikinsu. Amma cikin shekarun da suka biyo baya masu ɗibar tsaraba suka yi ta yagar jikinsa, har a 1994 aka kwashe saura zuwa Tubruk. A Masar ma, a 2012, aka ci karo da jirgin Kittyhawk na sojan saman Ingila wanda ya ɓace tun 1942, kusan yadda ya sauka, ba a jima ba aka fara kwance masa kaya. Rairayi ya adana shi shekara 70, mutane suka fara lalata shi da zarar labari ya bazu.

Kuma ba abin mamaki ba ne a samu irin waɗannan a yankinmu. A yaƙin duniya na biyu, daga 1940, Ingilishi suna sauke jirage cikin akwatuna a Takoradi, a harhaɗa su, a tuƙa su ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort-Lamy, wato Injamena ta yau, har Hartum da Alƙahira. Bayan yaƙin kuma jiragen sojan Faransa sun yi shekaru suna zirga-zirga tsakanin barikokin arewa. Ba duk wanda ya tashi ne ya sauka inda aka nufa ba.

Washegari kawu ya kai ni kasuwar Katako. Wanda bai taɓa shiga sashen maƙera na Katako ba, bai san yadda Yamai ke mai da tsohon ƙarfe sabon abu ba: hayaƙi, ƙarar guduma, yara na hura wuta, tukwane da ludayi na fitowa daga cikin yashi da zafinsu. Ina girmama wannan sana'a, da ita ake ciyar da gidaje, kuma ban je don in ga laifin kowa ba. Kawu ya tsuguna gaban wani dattijon maƙeri suka gaisa, ya nuna masa yadda fatar jirgi take, siririya mai layin ƙananan ƙusoshi a jere, ya roƙe shi in irinta ta zo da faranti mai rubutu, ya ɓalle farantin ya ajiye kafin ya jefa sauran a wuta. Dattijon ya ce, "Alhaji, wannan ai ba ya da nauyin da zai rage mini ciniki." Kawu ya kuma ja masa kunne kan abubuwa uku: agogunan gaban matuƙi na zamanin da ana shafa musu fenti mai sinadarin radiyom don su yi haske da dare, bai kamata a fasa su ko a kankare ba, wasu sassan, kamar ƙafafun taya, na maganiziyom ne, in suka kama wuta ruwa ba ya kashe su, harsashi kuwa, komai tsufansa, hukuma ake kira.

Da yamma na shiga gidan tarihi na Bubu Hama. Ga ƙasusuwan dabbobin da da aka haƙo daga arewa, ga gangar itaciyar Tenere da mota ta kayar a 1973, an ɗauko ta tun daga can an gina mata rumfa. Ƙasar da ta iya yi wa itace wannan gata za ta iya keɓe kusurwa guda don jiragen da suka ɗauki sojojinta da marasa lafiyarta da hatsin agaji. Kuma mun riga mun san yadda ake mutunta tarkacen jirgi: a Tenere, inda jirgin fasinja na UTA ya tarwatse ranar 19 ga Satumba 1989 da mutum 170, iyalan mamatan da mutanen yankin sun kafa abin tunawa a 2007, da baƙaƙen duwatsu da fiffiken jirgin kansa a tsaye. Duk inda jirgi ya faɗi, mai yiwuwa kabari ne, shi ya sa kawu yake cewa wanda ya ci karo da tarkace ya ɗauki hoto, ya rubuta wurin, ya sanar da hukuma, kada ya taɓa komai.

Silindar na bar ta a hannunsa. Ya ce zai kai ta majalisar tsoffin abokan aikinsa da suke haɗuwa bayan sallar Juma'a, akwai wanda ya yi aiki a kan Broussard da hannunsa, zai duba ko lambar da tsatsa ta rufe a gindinta za ta karantu. Ni kuma ya ba ni aiki: in koma wurin maƙerin Tawa in samo sunan falken da ranar da yake zuwa kasuwa, in tambaye shi a hannun wa ya saya, a wane gari, kuma ko akwai sauran takwas ɗin.